Zuwa ga abokina a Kwatano: ka aiko mana da waƙoƙin nan

Abokina, ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, ya madam da yara, ya ƙarfin jikin Mama? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ɗanta tela na Damagaram bai manta da ita ba, har yanzu in na bi ta ƙofar tsohon gidanku sai na waiwaya. Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah. Damina ta ɗauke an shiga kaka, sabon gero ya fara shigowa kasuwar Dole, yara sun koma lakwal, sai dai masassara da ta kwantar mana da autarmu kwana biyar amma ta miƙe, jiya ma ita ta kawo mini abinci shago.

Tun ranar da ka turo saƙon murya kana tambaya ko akwai sauran mutane a misiyon, majami'armu ta Katolika, kuwa, kuma in akwai abin da ake buƙata in faɗa maka ka turo ɗan abin da ya samu, nake ta juya maganar a raina. Na ɗauki waya zan amsa maka da murya har sau biyu ina gogewa, don maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Shi ya sa yau da na rufe shago na ce bari in zauna in rubuta maka ita tun daga tushe, ka yi haƙuri da tsawonta.

Akwai mutane, abokina. Ba mu da yawa kamar lokacin da ka sani, amma muna nan. Na san abin da ke cikin idonka shi ne ranar Juma'ar nan ta 16 ga Janairu 2015 da aka sa wa majami'armu wuta, hayaƙi da gudu da kwanakin da muka yi a barikin soja muna kwana kan tabarma ɗaya ni da kai cikin sanyin hunturu, kuma ita ce wuta ta biyu don ta watan Satumba 2012 ma ba mu gama farfaɗowa daga gare ta ba. Daga can ka hau mota ka tafi, ban taɓa ganin laifinka ba ko sau ɗaya, Mama ba ta da lafiya ga jariri a hannun madam, ko ni ne haka zan yi. To amma abin da ba ka gani ba shi ne abin da ya biyo baya. An share toka, an gyara ginin, an sake benci, lakwal ya buɗe, kuma har gobe yawancin yaran da ke karatu a ciki ƴaƴan Musulmi ne, iyayensu da kansu suke kawo su. Ran Lahadi matasanmu na tsayawa bakin ƙofa suna duba mai shiga, mun saba da haka yanzu. Bishop ɗinmu Monsenyer Ambroise Ouédraogo da ya riƙe diyosis ɗin Maraɗi, wato yankin majami'un da muke ciki, tun kafa shi a 2001 ya huta, tun 2024 Monsenyer Ignatius Anipu ne, mutumin Gana. Ka dai san girman ƙasar da ke hannunsa, jiha biyar, Maraɗi da Tawa da Agadas da Difa da mu nan, ga mompe, limamanmu, ba su da yawa, to ka ga in muka naɗe hannu muka ce sai abin da mompe ya yi mana ai ba abin da zai tafi.

Bari in ba ka labarin yadda mako yake wucewa. Ran Asabar da sassafe mata ne ke fara zuwa da tsintsiya da bokiti, su share su goge benci su wanke kayan bagade, kuma ka san matsalar ruwa ta garin nan ba ta canja ba, in zafi ya yi pampo sai ya kwana biyu bai ɗiga ba, to su suke haɗa dala ashirin ashirin su sayi bido wajen ƴan ga-ruwa. Ba wanda ya taɓa kiran sunansu a sanarwa. Da la'asar Baba katekis, malaminmu na addini, ya zauna ƙarƙashin bedi da masu koyon addini, ya tsufa sosai yanzu idonsa ya yi rauni, jikarsa ke karanta masa shi kuma ya yi bayani da Hausa, mutum sai ya yi shekara uku ko huɗu yana zuwa wajensa kafin a yi masa baftisma daren Paki, idin tashin Yesu daga matattu. Ni kuma rabona shi ne keke. Rigunan yara masu hidimar misa, wato babbar sujadarmu, duk ni na sake ɗinka su bayan wutar, guda goma sha biyu, kuma kowace shekara sai na saki kalmasa don yaran tsawo suke yi kamar dawa. Ban taɓa karɓar ko dala ba, in an sayo yadi shi ke nan. Tun bara kuma aka ɗora mini ajin ƙananan yara masu shirin kominyo ta farko, wato fara karɓar jibin Ubangiji, na ce ni ban yi karatu mai zurfi ba, mompe ya ce ka iya Hausa kuma yara ba sa tsoronka, ya isa.

Abin da ya fi riƙe mu a ganina shi ne taron unguwa. An raba mu ƙungiya ƙungiya bisa inda kowa yake zaune, mu namu ran Laraba ne bayan magariba, wannan mako gidan wannan wancan mako gidan wancan, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa kowa ya faɗi abin da ya ji a ciki, wannan wata na Oktoba kuma da yake watan carbi ne sai mu ja gida biyar ɗin gaba ɗaya. Bayan addu'a a zagaya da ƙwarya. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, wata rana jika biyu wata rana ko jika ba ta cika, amma da shi muka sayi ordonans ɗin wata gwauruwa wata uku a jere, da shi muka biya kuɗin mota aka mai da wani saurayi gida bayan ya dawo daga hanyar Agadas ba ko takalmi a ƙafarsa. A wajen taron nan ne ake jin wa ke kwance, wa aka sallama daga aiki, gidan wa aka kwana ba a ɗora tukunya ba, abubuwan da mutum ba zai taɓa faɗa a ƙofar majami'a ba don kunya. Manyan ayyuka kamar rabon hatsi lokacin yunwa wannan na CADEV ne, Karitas ɗinmu ta Nijar, su ke da takardu da motoci. Namu na ƙafa ne.

Kuma ƙafar tana aiki. Ran Lahadi bayan misa mutum biyu ko uku ke raka mai kai kominyo gidajen tsofaffi da marasa lafiya, daga nan mu wuce babban asibiti. Sau ɗaya a wata muna zuwa gidan kaso da izinin hukuma, mu kai sabulu da gari da ɗan sukari, ba ma tambayar mutum addininsa kafin mu miƙa masa. Kara-Kara ma muna zuwa, wajen tsofaffin nan da kuturta ta cinye wa yatsu, akwai wani dattijo da kullum in na je sai ya ce in zura masa zare a allura guda biyar in soke su a jikin hularsa, don ya riƙa yi wa kansa faci har in dawo. Farkon zuwana can tsoro nake ji, sai da maser, sistar majami'armu, ta zaunar da ni ta yi mini bayani cewa cutar tana da magani kuma wanda ya sha maganin ba ya sa wa kowa, sannan hankalina ya kwanta. Yanzu da hannu nake gaisawa da su.

Bana, 2025, azuminmu ya haɗu da na maƙwabta Musulmi, su sun kama farkon Maris mu kuma Larabar toka ta faɗo 5 ga wata. Kusan kullum da magariba sai an aiko mana da kunu da ƙosai daga gidan Alhaji, wanda dai ka sani, wanda ya tura matanmu da yara cikin ɗakin uwargidansa ranar nan ya fito ya zauna ƙofar gida da carbinsa har ƙura ta lafa. Ya tsufa, yana tambayarka, sunanka a wajensa har yanzu mushe mai waƙa, wato malam mai waƙa. Mu ma da Paki ta zo muka aika musu da shinkafa da kaji. Bara da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni farkon watan Satumba, na rufe shago na taka har can na tsaya ina kallon tulin ƙasa, hawaye suka zubo mini, don ni ma a gindinsa na yi wasa ina yaro, kuma na san yadda mutum yake ji in ya ga wurin da yake sallah a kwance. Washegari mu huɗu daga taron unguwa muka bi gidajen abokanmu muka yi musu jaje.

Ba zan ɓoye maka ba akwai gajiya. Fuskokin da ke shara su ne ke zuwa asibiti, su ne ke dafa abincin biki, su ne kuma ke cikin kwamiti. Wasu sai Lahadi kawai, a idar da misa su hau babur. Da can ina jin haushinsu, yanzu na rage, don na gane da yawa ba wanda ya taɓa zuwa ya kira su da suna ya ce zo ka kama mana nan, sanarwa daga bagade ba ta tada kowa, sai ka je gidan mutum ka sha ruwansa ka roƙe shi ido da ido. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiya. Ka san jama'armu, ƴan Benin da Togo da Burkina da Cadi, Ibo ƴan kasuwa, ma'aikata da sojoji da aka turo, ɗaliban jami'a. Sai ka koya wa mutum aiki shekara biyu ya iya, rana ɗaya a ce an yi masa canjin wurin aiki zuwa Yamai ko ya gama karatu, a sake sabon lale. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, wasu ƴan kasuwar suka tattara suka tafi ba su dawo ba. Mu ƴan ƙasa da aka binne cibiyarmu a nan ƴan kaɗan ne, a duk Nijar ma Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba.

To yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki wayar nan, maganar kwaral ce, ƙungiyar mawaƙan majami'a.

Kwaral tana nan, matasa ne masu ƙoƙari, ɗalibai sun fi yawa, suna repetisiyo Talata da Juma'a, akwai wata yarinya ƴar Togo mai murya kamar sarewa. Amma kusan duk abin da suke rerawa da Faransanci ne, daga intanet suke saukowa da shi, ban ga laifinsu ba don abin da suka samu ke nan. Waƙoƙinmu na Hausa fa? Ka tuna babban kayen nan mai baƙin bango da ka yi shekara da shekaru kana rubutawa, waɗanda ka ji wajen tsofaffi da waɗanda babana ya zo da su daga Dogon Dutsi da Zabura da kai da kanka ka sa wa murya? A cikin kabad ɗin sakristi, ɗakin ajiyar kayan majami'a, yake ranar da aka sa wutar. Ba mu da kwafi ko ɗaya. Shekarun farko ba mu ji rashinsa ba sosai don waƙoƙin na bakin mutane, amma shekara goma ba kwana goma ba ce, masu su wasu sun rasu wasu sun tafi, yau abin da ya rage mana da za mu iya yi daga farko har ƙarshe bai wuce bakwai ba.

Ranar da abin ya buge ni ita ce ranar idin Santa Tereza mai riƙon majami'armu. Da yake 1 ga Oktoba Laraba ce sai aka ɗaga bikin zuwa Lahadi. Lokacin kai baiko, mata sun jeru da ƙorai a ka, sabon gero da gyaɗa da wake, sai tsohuwar nan da ke zama benci na biyu, wadda ke sai da ƙuli-ƙuli, ta ɗaga murya ita kaɗai ta kama waƙar kaka ɗin nan taka, mai kalangu ya bi ta, tsofaffi suka amsa, wata ta rangaɗa guɗa, jikina duk ya yi yar. Aka yi baiti na ɗaya aka yi na biyu. A na uku ta tsaya, kalmomin sun ɓace mata, ta waiwayo tana dubana ni ma ba ni da su, kalangu ya yi ta bugawa shi kaɗai har ya gaji ya yi shiru, matan suka ƙarasa bagade ba waƙa. Bayan misa na same ta zaune bayan ginin tana share ido da bakin zane, ta ce mini ɗana, in na mutu wa zai yi mini waƙar rakiya da harshen da nake ji?

Tun ranar maganar nan ba ta bar ni ba. Ni ba na faɗa da Faransanci, shi ke haɗa ɗan Cadi da ɗan Benin a benci ɗaya, da amfaninsa. Amma tsofaffin matanmu ba su shiga lakwal ba, yaran ajina ma ko waɗanda iyayensu baƙi ne Hausa suke yi a titi, da Hausa suke faɗa da Hausa suke mafarki, in na ce su yi addu'a da Faransanci sai su karanto ta kamar hadda, in na ce su yi da Hausa sai ka ji yaro yana roƙa wa kakarsa lafiya da kalmomin kansa. Sannan akwai na bayan katanga. Duk abin da muke rerawa maƙwabta na ji. Lokacin da kake nan mai shayin bakin hanya har amshi yake yi mana bai sani ba. In abin da ke tsallake katanga kullum harshen da ba sa ji ne, to maganar da wasu ke yi cewa addinin baƙi ne sai ta zauna, alhali ni a nan aka haife ni, a nan aka yi mini suna, a nan na binne ubana. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, ba kuɗi ba.

Mun fara abin da za mu iya. Na sayi sabon kaye da bik, kowace Alhamis da yamma ni da yarinyar nan ƴar Togo da wani ɗalibi muna zuwa gidan tsohuwar da gidan Baba katekis, su rera abin da suka tuna mu ɗauka a waya mu rubuta. Guntu guntu muke samu, wannan ta tuna amshi wancan ya tuna baiti ɗaya, wani lokaci har su yi gardama kan kalma. Mun tara guntaye ashirin da uku. Duk wanda muka tambaya amsa ɗaya ce, mushe ne ya san ta duka.

An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma kai gida bai bar ka ba, a bakinka rabin kayanmu suke. Ga roƙona. Duk daren da ka samu sarari, ko sau ɗaya a mako, ka shiga ɗaki ka rera waƙa guda ka turo mini ta WhatsApp. Kada ka damu da muryar ta tsufa ko ta shaƙe, ba faifai za mu buga ba. Ka fara faɗin kalmomin a hankali baiti baiti yadda zan iya rubutawa, sannan ka rera, in kana tune da muryar alto da ta bas ka yi su dabam, in ba ka tuna ba babbar muryar ta isa yaran za su nemo sauran. Ka fara da ta kaka ɗin nan, baiti na uku da na huɗu. Sai ta rakiyar gawa, don 2 ga Nuwamba ya matso za mu je maƙabarta yi wa matattunmu addu'a, ina so a yi ta a kan kabarin babana. Sai na Nowel, sai ta hanyar gicciye mai tasha goma sha huɗu wadda yanzu tasha shida kawai muke da su. Zan turo maka hoton guntayen da muka rubuta ka gyara inda muka yi kuskure. Na san wasu za su tada maka da abin da kake so ka manta, in ka ji nauyi ka ajiye sai wani dare, ba gaggawa. Ka tambayi Mama ma, ita ce ke jan mata a da, wataƙila abin da ya ɓace maka yana wajenta.

Wannan karon ba kwafi ɗaya za mu ajiye ba. Na yi magana da mompe ya yarda, in sun taru za a buga su a kwamfuta a yi fotokopi, ɗaya a sakristi, ɗaya a kowace ƙungiyar unguwa, ɗaya a aika Maraɗi, ɗaya kuma wajenka. Kuɗin da ka ce za ka turo, in ka samu hali to na takarda da fotokopi ne, sai fatar kalangu da ta fashe, ba abu mai yawa ba ne, kada ka matsa wa kanka na san zaman Kwatano da tsada ga kuɗin lakwal na yara.

In Allah ya kai mu kuma hanya ta yi sauƙi, ka yi tunanin zuwa ko da Paki ne, ɗakin zaure na nan na gyara shi, ka zo da babban yaron ya ga garin da aka haife shi. Ban gaya wa tsohuwar cewa na rubuto maka ba, ina so ranar Alhamis in je in kunna mata waya kawai ta ji muryarka.

Uwargida tana gaishe da madam, ta ce a faɗa mata kilishin da ta yi alkawari yana nan sai an samu mai zuwa. Yara suna gaida tonton. Baba katekis da Alhaji duk sun ce in gaishe ka. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya tsare mana ku.

Ina jiran baiti na uku.

Naka har kullum,
abokinka tela, daga Damagaram